Banki a Gindin Darbejiya

  

A duk lokacin da masana harkar tafiyar da kamfanoni suka yi rubutu a kan bankunan Nijeriya, akwai kukan da ba sa rabuwa da shi, wato ƙarancin ƙwararrun ma'aikata. A watan Afrilun 2022, bayan wani zama na Kwamitin Shugabannin Bankuna, shugaban bankin Sterling, Abubakar Suleiman, ya fito ya shaida wa manema labarai cewa gwanayen rubuta manhajar kwamfuta suna barin bankuna, wasu ma suna barin ƙasar baki ɗaya. Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya taɓa tura kuɗi suka maƙale a hanya ya ɗanɗani wani abu na wannan rashi. To amma ni, da yake mutumin Watari ne, idan na ji ana maganar ma'aikacin da harkar kuɗi ta rataya a wuyansa, ba injiniyan da ke zaune a bene a Legas yake faɗo mini a rai ba. Wanda nake gani shi ne saurayin nan ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai teburin katako da lema a gindin darbejiya, da na'urar POS a hannu da jakar kuɗi a ƙugu. Shi ne bankinmu. A kansa nake son mu yi tunani yau, ya ɗan'uwa mai karatu.

Ga wanda bai san yankin ba, madatsar ruwan Watari tana cikin Ƙaramar Hukumar Ɓagwai ne, yamma da Bichi, a ƙasar da gona take manne da gona, ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ga katangar wani gida ba. Ruwan madatsar ya sa mutanenmu suna noma damina da rani: shinkafa, masara, alkama, tumatir, albasa. Saboda haka kuɗi suna shigowa, ba laifi, sai dai shigowarsu ta lokaci ce. Mutum zai kai kaya kasuwar Badume ko Dawanau ya dawo da abin da zai ci da shi wata huɗu, kuma a cikinsa ne kuɗin taki da na fetur ɗin injin ban-ruwa da na auren 'ya suke. Tambayar inda za a ajiye su tsohuwa ce. Iyayenmu sun amsa ta da rumbu da ɗan sa da tunkiya, iyayenmu mata kuwa da adashi da kwalla. Banki dai, tun tasowarmu, abu ne da ake wanka a sa riga mai kyau a je masa Bichi ko Kano.

Ba wai ba a yi ƙoƙarin kawo shi kusa ba. A 1977 gwamnati ta ɓullo da shirin tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara. A 1989 aka kafa Bankin Talakawa, a 1990 aka fara bankunan al'umma. Da Charles Soludo ya ɗaga jarin kowane banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, har Bankin Arewa da hedikwatarsa take Kano ya narke cikin Unity Bank. Manyan bankunan da suka fito daga wannan haɗaka lissafinsu bai ba su su gina reshe a inda mai ajiya yake zuwa sau uku a shekara ba. Ga kuma ƙyamar kuɗin ruwa, wadda ta hana dattawa da yawa kusantar ƙofar banki ko da tana kusa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, sun kuma ɗauke wa mutane da yawa wannan damuwa. Amma su ma gine-gine ne a birni.

Abin da ya sauya lamarin wata ƙa'ida ce da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2013, wadda ta ba bankuna izinin naɗa wakilai, wato mai shago ko wani ɗan kasuwa ya riƙa karɓar ajiya da biyan kuɗi a madadinsu. Daga baya kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka cika ƙauyuka da na'urori. Cibiyar EFInA, wadda take ƙidayar masu hulɗa da hukumomin kuɗi, ta nuna a bincikenta na 2023 cewa kashi 26 cikin 100 na manyan Nijeriya ba su da wata hulɗa da kowace irin kafar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin kashi 47 ne. Kusan rabinmu ke nan. Waɗannan mutane ba su daina karɓar kuɗi daga 'ya'yansu da ke cin rani a Fatakwal ko Abuja ba. Ta asusun wa kuɗin suke shigowa? Ta asusun yaron nan na gindin darbejiya.

A Kenya ma, inda aka fara M-Pesa a 2007, abin da bincike ya gano ke nan. Wasu masana tattalin arziki biyu, Tavneet Suri da William Jack, sun wallafa a 2016 cewa tsarin ya fitar da gidaje wajen 194,000 daga ƙangin talauci. Abin lura shi ne ma'aunin da suka yi amfani da shi: yawan wakilan da suka ƙaru a kusa da gidan mutum. Ashe amfanin fasahar yana isa ga talaka ne gwargwadon kusancinsa da wani ɗan Adam mai tsabar kuɗi a hannu wanda ya yarda da shi.

Mu a nan mun gane haka ta hanya mai ɗaci. A ranar 26 ga Oktoban 2022 Godwin Emefiele ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Wa'adin daina karɓar tsofaffi ya faɗo a ƙarshen Janairun 2023, aka ƙara shi zuwa 10 ga Fabrairu, wato daidai lokacin da tumatir ɗin rani yake nuna. Hatsi yana iya jira a rumbu, tumatir ba ya jira. Mai saye ya zo ba tsabar kuɗi, ya ce zai tura. Manomi ba shi da asusu, ko yana da shi amma bai iya karanta saƙon da yake shigowa wayarsa ba. Na ga dattijon da ya tsaya da kwanduna a bakin hanya tun hantsi har la'asar yana jiran wani yaro ya ce masa "sun shigo". Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Daga wannan shekarar, wanda bai taɓa tsayawa gaban mai POS ba ya koyi tsayawa.

Yanzu dubi abin da yake hannun yaron nan. Wani baffana, wanda idonsa ya yi rauni, yakan miƙa masa kati naɗe a cikin wata takarda, ya ce, "Yaro, ga shi, lambar tana jiki, ciro mini dubu goma, ka kuma gaya mini abin da ya saura." Shi kuwa ya ce, "To Baba, an gama." Da na yi masa magana a kan lambar sirrin, sai ya ce da ni, "Ai jikan wane ne, na san kakansa." A wurin baffa wannan amsa ta wadatar. Irinsa suna da yawa. Akwai waɗanda katinsu a wurin mai POS yake kwana. Akwai matan da ba sa fita, sai dai su aiko yaro da saƙo. Akwai uwar adashi da take kai masa zubin mako ya riƙe mata har ranar kwasa. Ya san wanda ɗansa yake aiko masa da kuɗi da wanda nasa ya manta da shi. Ya san wanda ya sayar da gona a ɓoye. Manajan banki ba ya sanin rabin wannan a kan masu ajiyarsa.

Kuma ajiyar da take wurinsa ba ta da wata kariya. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya a babban banki zuwa naira miliyan 5 a 2024, kuma da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin shekarar, da wannan aka fara biyan mutane. Amma wannan ga wanda sunansa yake kan asusu ne. Kuɗin gwaggo da suke kwance a asusun mai POS, a idon doka nasa ne. Idan ya rasu, ko 'yan fashi suka tare shi a hanyar dawowa daga ɗauko kuɗi, ko ya faɗa cacar ƙwallo ta waya, wadda ta cinye samari da yawa, babu takardar da za ta nuna.

Wa ya horar da shi? Sau da yawa ba shi ne ma mai na'urar ba. Wani mai hali ne ya karɓi na'urori uku ko huɗu da sunansa, ya zuba jari, ya ɗauki yara yana ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a wata. Ƙa'idar Babban Banki ta ɗora wa bankuna da kamfanoni nauyin horar da wakilansu, amma horon da yake isowa teburin da nake gani bai wuce na yini guda ba: danna nan, jira rasit, kada ka ba da kuɗi sai ka ga sun shigo. A 2024 an umarci masu sana'ar su yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, aka kuma ƙayyade abin da mutum zai iya cira a yini. Duk wannan yana da amfaninsa wajen kama ɓarayi, sai dai magana ce a kan takarda da na'ura. Ko a cikin bankunan kansu ma haka abin yake: alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2020 sun nuna wajen biyu daga cikin kowane ma'aikatan banki biyar 'yan kwantiragi ne, kuma yawanci su ne a kan kanta suna ƙirga kuɗin jama'a. Wanda ya fi kusa da kuɗin talaka shi ne wanda aka fi ƙarancin kashe wa kuɗi.

Abin da yake ba ni takaici shi ne mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969 a kan yadda Hausawa suke tafiyar da fataucin shanu da goro. Ya tarar da bafatake yana kawo shanu daga Arewa, ana sayar wa mahauta bashi, ba rubutacciyar yarjejeniya, ba zuwa kotu. Abin da yake riƙe da cinikin shi ne maigida, wanda yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya kuma tsaya masa: idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa. A ƙarƙashinsa akwai dillalai da masu rubuta lissafi da yara, kowa da matakinsa. Yaro yakan yi shekaru ana aikensa da ƙaramin abu kafin a damƙa masa babba, kuma idan ya ci amana sau ɗaya labarinsa ya riga shi isa duk zangon da zai je. Da irin wannan tsari Alhassan Ɗantata ya tara dukiyar da ake ba da labarin cewa a 1929 raƙuma 20 ne suka kai azurfarsa bankin Turawa a Kano. Wato kafin banki ya san shi, amana ce ta yi masa aikin banki daga Gwanja har Kano. Tsarin yana da aibinsa, an danne yara da yawa a cikinsa ba a sallame su ba, amma ya san cewa riƙon kuɗin wani abu ne da ake koyo a hankali. Yau a yini ɗaya ake miƙa wa yaro abin da a da sai ya yi shekara goma a bayan maigida.

A nan ne addini ya shigo, ko mun gayyace shi ko ba mu gayyace shi ba. A cikin Suratul Ƙasas, da 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffofi biyu ta ambata, ƙarfi da amana. A cikin Suratu Yusuf, da Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, shi ma biyu ya ambata, tsarewa da sani. Mutanenmu sukan tsaya a kan ɗaya su ce yaron kirki ne, ɗan gidan mutunci ne. Kamfani kuma yakan tsaya a kan ɗayar, ya ce ya iya na'ura. Yaron kirkin da bai iya lissafi ba zai salwantar da kuɗin marayu yana kuka da gaske. Na ga an yi haka: kuɗi sun fita daga asusun wata baiwar Allah, na'ura ta ce ba su fita ba, yaro ya rantse, ita ma ta rantse, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Abin da ake bukata shi ne a ajiye rasit, a kai ƙara bankin da ya ba ta kati, idan mako biyu ya wuce ba a warware ba a kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki. Babu wanda ya san haka a cikinsu. Maganar ta ƙare a zauren mai unguwa aka raba asarar biyu, gidaje biyu kuma suka daina gaisawa.

Sai batun caji. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Mai POS kuwa ba tumatir yake sayarwa ba, kuɗi yake musanyawa da kuɗi, kuma wannan shi ne babin da ya fi kowane santsi a fiƙihun ciniki. Hadisin kayayyaki shida ya shardanta cewa zinare da zinare, azurfa da azurfa, sai daidai wa daida kuma hannu da hannu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tabbatar da cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinare da azurfa a babin riba da zakka. Malamai da dama suna ɗaukar cajin da aka saba, kamar naira 100 a kan 5,000 da ake karɓa kafin 2023, a matsayin ladan aiki, tun da yaron ya hau mota ya ɗauko kuɗin, ya biya kamfani nasa kason, ya ɗauki kasadar hanya. Wannan fahimta ta kwanta mini. Amma a watan Fabrairun 2023, da caji ya kai naira 1,000 a kan 5,000 a wasu wurare, wahalar aikin ba ta ninka sau goma ba. Matsuwar mutane ce ta ninka. A ganina wannan ya tashi daga ladan aiki ya koma sayar da naira da naira. Fatawa ta malamai ce, amma ya kamata a ce yaron ya san akwai tambaya a wurin.

Akwai wata sura kuma da ta fi wannan ɓoyuwa, kuma kullum ana yin ta. Mutum zai zo ya ce, "Ba ni dubu ashirin yanzu, gobe yarona zai turo maka, ka cire cajinka har da ƙari." Da zarar jinkiri ya shiga, abin ya zama rance, ƙarin da aka sa saboda jinkirin kuma sunansa sananne ne. Mai bayarwa yana ganin taimako ya yi, mai karɓa yana godiya. Dattijon da ya ƙi buɗe asusu shekara talatin don gudun kuɗin ruwa, sai ga shi yana biyan su a ƙofar gidansa bai sani ba.

Laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. Yawancinmu karatunmu na zaure ya tsaya a Ahalari da Ishmawi, mai ƙoƙari ya taɓa Iziyya. Mun san abin da yake warware alwala da yadda ake ƙabli da ba'adi. Babin ciniki yana can cikin Risala, bayan an wuce aure da saki, kuma kafin a kai can ɗalibi ya yi aure ya shiga neman abinci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, har ta yi umarni kada a ƙosa da rubuta ƙarami ko babba. Amma je ka tambayi mai POS littafin da yake rubuta ajiyar mutane. Mafi yawa zai nuna maka kansa. Idan ka ce a rubuta, mai ajiyar ne ma zai fara jin haushi, wai ka nuna ba a yarda da juna ba.

Abin da nake ganin za a iya yi ba ya bukatar a jira Abuja. Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum ta nazarin harkar banki da kuɗi a Musulunci. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, kusa da mu. Ina ma a ce ɗaliban da suke rubuta kundin bincike a kan yadda banki zai riƙe ma'aikatansa su zo Ɓagwai da Kiyawa da Gadanya su zauna da yaran nan mako guda, su ƙirga nawa ne suke riƙe da katin wasu, nawa ake biyansu, nawa ne suka taɓa cike giɓi daga aljihunsu. Limamai kuma su ware musu darasi ɗaya a mako tsakanin magariba da lisha, a karanta babin musanyar kuɗi da rance da ajiya, da Hausa, da misalan teburinsu. Masu zuba jari su daina ɗora yaro a kan dubban ɗaruruwa da albashin da ba zai saya masa buhun masara ba, domin wanda ya yi haka yana da kaso a cikin abin da zai biyo baya. A kuma koya wa 'yan mata da suka gama sakandare sana'ar, su riƙa yi a cikin gida, matan aure su daina tura lambar sirrinsu a bakin yaro ɗan shekara bakwai.

Wani ƙanina da yake sana'ar a bakin kasuwa na sa shi ya sayi littafi mai bango mai kauri, irin na rajistar makaranta. Duk wanda ya bar ajiya a rubuta sunansa da adadi da rana, ya sa hannu ko ya dangwala, a kira maƙwabcin tebur ya shaida. Makon farko mutum biyu sun kwashe kuɗinsu sun koma wurin wani. Ya zo ya same ni ransa a ɓace, ya ce, "Yaya, ka ga abin da littafinka ya jawo mini." Na ce ya ci gaba. Yanzu uwar adashin unguwarsu ba ta yarda ta bar wurin sai ta ga an rubuta, kuma takan sa jikarta ta karanta mata layin da babbar murya kafin ta dangwala.